Ni da Na Ce Daura

Litinin, 7 ga Yuli, 2025

Saifullahi ya zo yau, ɗan marigayi Baba Dogara mai gidan da nake haya a unguwar Kwamba. Ko arba'in ɗin tsohon ba a yi ba. Wai in kwashe kayana nan da kwana bakwai, ya sami wanda zai ba shi ninki. Na ce hayar shekara na biya, sai ƙarshen Maris za ta ƙare, ga takarda. Ya karɓa ya duba, ya yi wani murmushi da ban so ba.

"Malama Mardiyya, a nan an rubuta Daura. Ni kuma Damagaram na ji."

Ya sa takardar a aljihu ya tafi.

Talata, 8 ga Yuli

Bari in faɗa wa littafin nan gaskiya, tunda ba shi da baki.

Shekara uku ke nan da na zo daga Nijar koyar da Faransanci a wata makarantar kuɗi. Dillalin da ya samo mini ɗakin shi ya ce masu gida ba sa son baƙin waje, in ma sun yarda sai sun tsawwala. "Ki ce Daura kawai, ai bakinku ɗaya." A wurinmu wata-wata ake biyan haya, da baki ake gama magana, ba wanda ke rubuta garinka. Na ɗauka takardar ado ce. Na ce Daura, na sa hannu. Ko sau ɗaya ban taɓa taka Daura ba.

Takarduna na zama suna nan. Amma tun da ƙasarmu ta fice daga ECOWAS ban san darajarsu ba, kowa da abin da yake faɗa. Kuma wa zan tambaya ba tare da na tona kaina ba?

Alhamis, 10 ga Yuli

Farar mota ta tsaya a ƙofar gida. Na zaci jami'an shige da fice ne, na shige banɗaki na yi minti ashirin. Ashe masu kawo ruwan leda ne.

Asabar, 12 ga Yuli

Saifullahi ya aiko saƙo ta waya: ko in fita da mutuncina, ko ya kira jami'an shige da fice. Na je Iku na duba wani ɗaki, rufinsa kamar rariya. Na je Gauraka, na bakin titi ne, manyan motoci na girgiza bango. A dawowa na sayi manyan jakunkuna biyu. Abinci ya ƙi shiga.

Ina tsoro. Ba rasa ɗakin kaɗai ba. Ina tsoron a tsayar da ni a gaban mutane a ce malamar da ke koya wa 'ya'yansu maƙaryaciya ce.

Litinin, 14 ga Yuli

Na dawo daga makaranta na tarar babu ƙofa.

Babu ƙofa! Ya kawo kafinta sun cire ta da rana tsaka. Katifata, tukwanena, har shanyar da ba na so a gani, duk a idon duniya. Hadari kuma ya haɗo. Na tsaya riƙe da takardun jarrabawar yara.

Ijeoma, maƙwabciyata mai shagon kayan masarufi, ita ta kawo leda da ƙusa muka toshe. Kafin nan sai da ta ɗauki hoton wurin ta kowace kusurwa. Ni ina kuka, ita tana hoto. Har haushinta na ji.

Talata, 15 ga Yuli

Na faɗa wa Ijeoma komai, har maganar Daura. Na zaci za ta ja baya. Dariya ta yi har da riƙe ciki.

"Shi ne kawai? Malama, tun yaushe mun sani. Ke da kike cewa lahiya lau."

Shekara uku ina taka-tsantsan da bakina, ashe a banza.

Ta ce ita ma an taɓa cire mata rufi a wani gida, har kotu ta je. Abin da na riƙe daga maganarta: mai hayar shekara notis na wata shida ake ba shi, a rubuce. Kotu ce ke fitar da mutum, ba kafinta ba. "Ɗan haya ɗan haya ne, ko daga wata ya faɗo. Ya karɓi kuɗinki ko bai karɓa ba?" Ta ce mu fara da mai unguwa.

Na ce zan yi tunani. Na ci gaba da ninke kaya.

Juma'a, 18 ga Yuli

Ijeoma ta kai ƙara wurin mai unguwa ba da sanina ba. An kira mu jibi. Allah Ya isa tsakanina da Ijeoma. A'a, na janye. Amma Saifullahi zai faɗa a gaban kowa, na sani.

Lahadi, 20 ga Yuli

A zauren mai unguwa, dattawa huɗu, Saifullahi da takardar a hannu yana kaɗa ta. Na ga ya gyara murya. Ban san lokacin da bakina ya riga shi ba.

"Ranka ya daɗe, ni 'yar Nijar ce, daga Damagaram. Daura da ke takardar nan ƙarya na yi, don tsoro. Ga fasfona, ga takardun zamana."

Muryata tana rawa kamar ta 'yar aji ɗaya. Mai unguwa ya duba takardun ya miƙo mini, ya ce ƙarya ba kyau, in nemi gafara. Sannan ya juya wurin Saifullahi.

"Kai kuma, ubanka ya karɓi hayarta har Maris?"

"Ya karɓa, amma Baba..."

"Garin ya ba haya ko ɗakin?"

Aka ce ya mayar da ƙofa kafin magariba. In yana son ɗakinsa, ya rubuto notis zuwa ƙarshen Maris. Maganar shige da fice kuwa, mai unguwa ya ce ba a zaurensa take ba, mai takarda ba ya gudun a duba.

Na fito na yi amai a bayan katanga.

Litinin, 21 ga Yuli

An mayar da ƙofa, a karkace. Har yanzu in mota ta tsaya sai gabana ya faɗi. Saifullahi zai iya kiran jami'an, ba wanda ya ɗaure masa hannu.

Alhamis, 24 ga Yuli

Notis ya iso. Na tarar da shi a ƙarƙashin ƙofa, na zauna a bakin katifa na karanta sau uku. Ya rubuta ƙarshen Oktoba.

Da farko na ce ba komai, wata uku ma Allah Ya amfana, a rabu lafiya. Har na tashi zan ɗauko jaka. To, ina cikin makin jarrabawa ne, jan biro na hannuna. Ban yi da wata manufa ba. Na ja layi a kan Oktoba, na rubuta Maris a samansa. Na sa hannu a ƙasa: Mardiyya, Damagaram.

Ijeoma ta ce ta raka ni, na ce ta zauna a shagonta. Ni na kai masa har gida. Na miƙa masa, ya ga jan biron.

Na ce ya sake rubutowa da kyau, ina jira.