Kowa ya ɗauka kunyar ɗan fari ce

Assalamu alaikum Admin, a ɓoye sunana. Don Allah 'yan uwa ku ba ni shawara, abin ya fi ƙarfina.

Na haifi ɗana na fari a Jalingo zamanin soja, ba a daɗe da ba mu jiha ba. Da aka miƙo min shi ban ji komai ba, ba so ba ƙi, kamar ɗan maƙwabta aka ba ni ajiya. Ina ba shi nono ina kallon bango, in ya yi kuka sai in ji kamar in bar gidan. Mu Fulani ne, kowa ya ɗauka kunyar ɗan fari ce, uwar mijina har yabona take yi a gaban baƙi.

Mutum ɗaya ce ta gane, wata nas 'yar Mumuye a asibitin da muke kai shi rigakafi. Ta lura ba na kallon fuskarsa, ta ja ni gefe ta ce, "Maman bebi, in ya yi murmushi kina jin daɗi? Kina samun barci?" Na buɗe baki zan faɗa mata, sai uwar mijina ta matso ta ce al'adarmu ce, a ƙyale ni. Na ce lafiya lau. Nas ta ce in dawo ranar Laraba ni kaɗai, ban koma ba. Ana yaye shi kakarsa ta tafi da shi Sunkani, kuma wallahi sauƙi na ji. Ƙannensa tun ranar farko na so su, shi kuwa sai da ya tasa son ya zo min, lokacin ya riga ya saba ce min Adda, kamar yayarsa.

Yanzu matarsa ta haihu, a asibiti an yi mata irin tambayoyin nan, ita ta faɗi gaskiya cewa ba ta jin komai game da jaririn, suka ce ta riƙa zuwa ana ganinta. Shi kuma ya zo min ransa a ɓace, wai in karɓi jaririn in riƙe, ita ta tafi gidansu. Ya ce ni ai kunya ce ta raba mu, ita kuwa rashin imani ne. 

In na faɗa masa gaskiya, ina tsoron ɗan abin da ke tsakaninmu ya rushe. In na yi shiru za a raba yarinyar nan da ɗanta, kuma a hannuna za a sa shi. Jibi zai kawo min jaririn. Don Allah me zan ce masa?