Firam ɗin da Baba Ya Yi

Zongo, Kumasi
6 ga Oktoba

Yaya Zaratu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ke da Malam Buraima da yara. Yaya garin Bawku, yaya ƙafar nan taki? Mu nan lafiya, sai dai tarin Baba. Na ba direba wannan takarda ne don in na kira ki a waya kuka yake riga ni magana.

Yaya, na ci jarrabawar ƙarshe, na zama nas. Sai dai murnar rabi ce. An haɗe makarantarmu ta koyon jinya da jami'a, an sauke allon bakin ƙofa an kafa sabo, mu kuma 'yan ajinmu muka faɗa tsakiya. Tsohuwar makaranta ta ce ba ta da ikon sa hannu a takardar shaidarmu yanzu, jami'a kuma ta ce ba ta gama shigar da sunayenmu ba. A da, wata biyu bayan jarrabawa ake biki, a kira uba ko uwa su hau dandamali su karɓi takardar tare da 'yarsu. Yanzu an ce mu jira.

Kin san halin Baba. Tun sakamako bai fito ba ya tafi gidan Anti Safia, maƙwabciyarmu da ta gama makarantar shekara goma da suka wuce, ya sa ta sauko da takardarta daga bango ya auna. Ya yi mini firam da katakon odum ɗin da ya ɓoye a shagonsa na Anloga tun ina aji ɗaya. Babu ƙusa ko guda, haɗi ne kawai irin nasa. Ya rataye shi sama da rediyo, ba komai a ciki sai gilashi, duk wanda ya shigo sai ya nuna masa ya ce na Madam Nas ne. Inna ta ce mutane za su ɗauka ya zare, shi kuwa ko a jikinsa.

Ki taya mu addu'a.

Ƙanwarki,
Rafia

Zongo, Kumasi
19 ga Fabrairu

Yaya Zaratu,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, na gode da man shanun da kika aiko. Baba ya ɗan taɓa, ya sa miki albarka.

Ba zan ɓoye miki ba, jikin ya yi tsanani. Likita ya ce ƙurar katako ta shekara arba'in ta gama da huhunsa. Ni nake zama da shi, kuma karatun nan ya zame mini azaba, don ina ƙirga numfashinsa ba tare da na so ba, na kuma san abin da lissafin yake nufi. In Inna ta tambaye ni sai in ce da sauƙi. Allah Ya yafe mini.

Sau bakwai ina hawa motar haya ta trotro zuwa makaranta. Tsohuwar shugabarmu da ta san sunan kowa ta yi ritaya, sababbin kuma ba su san fuskata ba. Na gaya musu ubana ba shi da lafiya, a taimaka a ba ni takardata ko ba biki. Wata mata ta tausaya ta buga mini wata 'yar wasiƙa mai hatimi, wai ina cikin waɗanda suka gama. Na kawo da gudu zan sa a firam, Baba ya riƙe mini hannu. Da kyar ya ce, "Ba don wannan na yanka odum ba, Madam Nas. Zan jira ta gaske."

Yaya, ki zo. Kada ki jira Sallah.

Taki,
Rafia

Zongo, Kumasi
28 ga Yuni

Yaya Zaratu,

Assalamu alaikum. Da fatan kin isa gida lafiya tun bayan sadakar arba'in. Yaya ƙarin haƙurinmu? Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa Aljanna ce makomarsa.

An yi bikin ranar Asabar. Inna tana takaba ba ta fita, don haka ni kaɗai na je. Mun fi dubu uku a fili ɗaya, ba a kira uban kowa ba. An ce 'yan jinya su miƙe, muka miƙe, aka ce mu zauna. Takardar ma a wata taga na karɓa cikin ambulan. Da a tsohon ɗakin taronmu ne, da tun bara Baba ya hau da babbar rigarsa. Wannan tunani ya hana ni ɗaukar hoto ko ɗaya.

Da na dawo na sauko da firam, na goge gilashin, na kawo takarda. Ba ta shiga ba, Yaya. Ta jami'a ta fi ta Anti Safia faɗi da yatsa biyu. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Kawu Kamil, abokin aikin Baba, ya ce haɗin ba ya buɗuwa sai an fasa, gara ya yi mini sabo. Anti Safia ta ce kada in kuskura in taɓa takardar, za a iya ƙin karɓarta ranar da zan nemi ƙarin karatu. Na san gaskiya ta faɗa. Kwana uku ina kallon firam da takardar a kan gado.

Jiya da hantsi na ɗauko almakashin da nake yanka bandeji, na rage farin gefen takardar, yatsa ɗaya ta nan, yatsa ɗaya ta can. Ban taɓa sunana ba, ban taɓa hatimi ba. Ta zauna daram. Awon Baba bai yi kuskure ba, su ne suka canza takarda. Jami'a tana iya buga wata, amma hannun da ya yi firam ɗin ba zai sake yin wani ba.

Na mayar da shi sama da rediyo. Inna ta daɗe a tsaye tana kallo, sannan ta juya wajen gadon Baba ta ce, "To Malam, ga ta gasken ta zo."

Ki gaida Malam Buraima da yara. In za ki yi mini faɗa, ki bari sai kin zo kin gani.

Ƙanwarki,
Rafia Amidu