Kaurin Bangon Layin Gabas

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024
Ranar 26 ga wata za a yi taron tsofaffin ɗalibai. Shugabar makaranta, Hajiya Lantana, ta ce ni da Mannir kowa ya rubuto tarihin makarantar. Mu biyu ne sabbin malamai 'yan sa-kai, gurbin malamin Tarihi kuwa ɗaya ne. Wanda nasa ya fi, sunansa za ta aika ma'aikatar ilimi. Na kasa cin abincin rana.

Alhamis, 10 ga Oktoba
Na auna gine-ginen duka. Ajujuwa 24, ɗakin taro ɗaya. Kaurin kowane bango inci tara ne, ban da tsohon layin gabas, shi inci ashirin da biyu. Ban san dalili ba, na dai rubuta. Mannir ya tarar da ni a durƙushe da tef ɗin awo, ya ce, "Injiniya, in ka ƙare ka auno muna inuwar dogonyaro." Ɗalibai suka kwashe da dariya.

Litinin, 14 ga Oktoba
Ɗalibai 1,312. 'Yan Tudun Wada sun fi yawa. Ibo da Yarbawa 86. Waɗanda suka zo daga ƙauyukan Tsafe da Bungudu 203. Mannir bai buɗe rajista ko sau ɗaya ba, amma ya san Chioma ta fi kowa Hausa a aji uku, ya san sunan saniyar su Halima. Shi suna rige-rigen gaishe shi. Ni "Malam mai tef".

Laraba, 16 ga Oktoba
Mannir ya je Furfuri ya samo wani tsoho, Baba Labbo, wai iyaye ne suka fara gina makarantar da gayya a 1974. Allon jikin ɗakin taro 1976 ya ce. Na duba sau uku.

Litinin, 21 ga Oktoba
Mun karanta a gaban kwamiti. Ana nawa Alhaji Dalhatu, shugaban tsofaffin ɗalibai, yana hamma. Da aka zo na Mannir ya ce, "Malam, tarihi ka kawo muna ko tatsuniya? Ina shaida?"
Na ji daɗi. Allah ya yafe mini.

Talata, 22 ga Oktoba
Inci ashirin da biyun nan ya hana ni sakat. Bulo ba ya kai haka. Na zagaya bayan layin gabas, inda siminti ya ɓare, na sa mabuɗi na ƙwaƙula. Jar ƙasa da ciyawa. Ginin tubali ne aka yi wa shafe. Na hau tebur na ɗaga silin: azara ce, kowace an sassaƙa sunan ƙauyen da ya kawo ta da ajami. Furfuri. 'Yankuzo. Ta ƙarshe, shekarar Hijira 1394. Na lissafa, 1974 ke nan.
Ba wanda ya sani sai ni.

Alhamis, 24 ga Oktoba
Ban gaya wa Mannir ba. Ya rame.

Asabar, 26 ga Oktoba
Jiya na kai Alhaji Dalhatu da Mannir layin gabas, na riƙe musu tebur. Ba don Mannir na yi ba, kuskure ne ba na iya bari a takarda.
Yau a wurin taro aka ɗaga Baba Labbo ya taɓa azarar Furfuri, ya ce, "Wagga ni da babana muka ɗauko ta." 'Yan 'Yankuzo suka yi layi su ga tasu.
Hajiya ba ta faɗi sunan da za ta aika ba tukuna. Mannir ya kira ni Injiniya a gaban jama'a. Na amsa.