Babur a Ɗakin Baba

Gembu, Afrilu 1989

Zuwa ga ƙanena Liti,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata kuna lafiya, kai da Inna da matata Safara'u da duk mutanen Zoza. Ni dai ga ni nan, sanyin dutsen nan yana cin gwiwoyina, ina ta gyaran baburan makiyaya.

Sulle direba, wanda ya kawo maka takardar nan, zai sauke maka babur a Rogo. Dogo ne, na shiga daji, irin mai shan fetur gauraye da baƙin mai. Da hannuna na haɗa shi, kuma don Safara'u na aiko shi. Ka san yadda cikinta biyu suka ƙare, jini yana zuba ana neman mota. Wannan haihuwar za ta faɗo tsakiyar damina, lokacin da mota ba ta shigowa Zoza. Ranar da naƙuda ta taso, ka ɗora ta, Gwaggo Laure ta riƙe ta ta baya, sai asibitin Karaye.

Ka karanta wannan da kyau. A cikin kafireta akwai ɗan ƙarfe mai huda da fetur yake bi, shi muke kira jet. A nan kan dutse iska ba ta da kauri, ƙaramin jet muke sawa. Na canza masa babba saboda ƙasarmu, har na ɗan zarce don kada inji ya ƙone. To amma babban jet yana jiƙa fulogi in ba a ba babur wuta ba. Saboda haka ka hau shi kullum, ka murɗa masa totur sosai har Rogo ka dawo. Bayan mako guda ka kwance fulogi ka duba bakinsa. In ya yi launin soyayyar gyaɗa, daidai ne. In ya yi baƙi yana maiƙo, ka kai wa Barau bakanike a Karaye ya rage jet ɗin. Akwai sabon fulogi da sifana a ƙarƙashin sirdi.

Kada ka ba kowa aro. Babur ɗina na farko aro ne ya kashe shi. Kawu Jibo ya kai shi biki, wane ya kai shi kasuwa, kai kana miƙa makulli kana murmushi, har ya zama tarin ƙarfe. Shi ya sa yau nake nan ina gyaran na wasu. Ban ce da mugunta ka yi ba. Bakinka ne ba ya iya cewa a'a.

Ka gaishe da Inna.

Yayanka,
Mijinyawa

*

Zoza, Mayu 1989

Zuwa ga Yayana Mijinyawa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa da ladabi da biyayya. Muna lafiya, Inna tana sa maka albarka. An yi ruwan shuka, mun shuka gero a gonar bayan gida.

Bayan haka, saƙo ya iso lafiya, ko ƙwarzane babu. Na shigo da shi ta ƙofar baya lokacin da mutane suke masallacin Juma'a. Maganar da ka yi a kan na farko gaskiya ce, ta yi mini ciwo, amma na karɓa. Na yi alkawari tsakanina da Allah wannan karon ba za ka ji kunyata ba. Yadda ka aiko shi haka za ka zo ka same shi.

Ina kula da shi kullum, ina tayar da shi kamar yadda ya kamata. Fulogin ban kwance ba tukuna, domin yana tashi bugu ɗaya, kuma ina tsoron in taɓa abin da hannunka ya ɗaure in ɓata. Ka kwantar da hankalinka, Yaya. Safara'u tana nan lafiya, ƙafafunta ne suka ɗan kumbura.

Allah ya ƙara girma, ya dawo mana da kai lafiya.

Ƙanenka mai biyayya,
Liti

*

Zoza, Yuni 1989

Maigida,

Salamu alaikum. Ina gajiya, ina sanyi, ina kewar tuwon gida? Da kaina nake rubuta wannan, ka yi haƙuri da hannun, ajin yaƙi da jahilci bai gama da ni ba.

Ni lafiya lau. Ɗanka ko 'yarka yana ta harbi, Gwaggo Laure ta ce da alama bakanike ne. Kwana nake da yunwa in tashi da yunwa, na cinye wa Inna daddawarta.

Bari in ba ka labarin ƙanenka ka yi dariya. Babur ɗin nan ya fi kowa gata a gidan nan. Ɗakin marigayi Baba aka ba shi, an shimfiɗa masa tabarma, an rufe shi da bargo. Kullum da hantsi Liti zai kulle ƙofar gida, ya ja ɗan abin nan da yake kira cok, ya tayar da shi, ya bar shi yana tu-tu-tu a tsaye har hayaƙi ya kore mu tsakar gida, kaji suna tari muna tari. Baƙin mai kuwa ninki yake zuba masa, wai don inji ya ji daɗi. Na ce masa, "Malam Liti, ni da nake da ciki ba a ƙara mini man shanu ba, sai ƙarfe?" Ya ce, "Ke dai ci daddawarki, amanar Yaya ce."

Na ce ba cewa aka yi ka riƙa hawa ba? Ya ce in ya fita da shi sau ɗaya, kafin la'asar Kawu Jibo yana zaure yana neman makulli, shi kuwa ba zai iya kallon idon ƙanen uwarsa ya hana ba. Gara kada kowa ya gani. Gari duk an sani, hayaƙi ya tona, amma tunda ba a gan shi a waje ba, ba wanda ya iya tambaya.

Ka zo suna ko da a ƙafa ne. Ka taho mini da ganyen shayin nan na can.

Taka,
Safara'u

*

Gembu, Yuli 1989

Liti,

Salamu alaikum. Ina gaida Inna. Takardar Safara'u ta yi makonni a hanya saboda gada ta karye, yau ta iso, kuma yau nake ba ka amsa, hannuna ko wanke shi ban yi ba.

Abin da kake yi wa babur ɗin nan kashe shi kake yi. Irin wannan injin ba ya son tsayuwa. Duk safiyar da ka ja cok ka bar shi yana kaɗawa, man da bai ƙone ba yana taruwa a cikinsa da cikin salansa, bututun hayaƙin nan, yana toshe bakin fulogi. Ga babban jet, ga man da kake ninkawa. Zai ci gaba da tashi a ɗaki yana ruɗinka. Ranar da ka ɗora masa mutum uku ka shiga taɓo, a nan zai mutu.

Ranar da ka karanta wannan, ka zubar da man tankin, ka haɗa sabo daidai yadda ƙa'ida take. Ka fita da shi titi ka ba shi wuta har hayaƙin ya washe. Ka wuce wurin Barau ya wanke salansa, ya rage jet, ya sa sabon fulogi. In Kawu Jibo ya nemi makulli, ka ce ni na hana, ka karanta masa wannan layin: Kawu, ni Mijinyawa na hana, ka zage ni in na zo.

Na san don ni ka yi. Amma ba ajiya na ba ka ba, Liti, ran mace na ba ka. Don Allah ka tashi yanzu.

Mijinyawa

*

Zoza, Agusta 1989

Zuwa ga Yayana Mijinyawa,

Assalamu alaikum. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yaya, Allah ya yi wa Safara'u rasuwa ranar Talata. An yi mata sutura a Karaye. Ta bar 'ya mace, tana raye, tana hannun Rabi'atu matata tana shayar da ita tare da namu.

Ka ce kullum in gaya maka abu yadda yake, to ga shi. Naƙuda ta taso bayan azahar, an kwana ana ruwa. Da Gwaggo Laure ta ga jini ta ce a tafi. Na buga babur ya tashi bugu ɗaya. Muka hau mu uku. Safara'u har ta ce mini, "Yau dai ɗan gata zai ga rana." Mun wuce gonaki, mun shiga fadama, na rage gudu saboda taɓo, sai ya fara shaƙewa, ya mutu. Na buga har ƙafata ta fashe. Na kwance fulogi, karon farko ke nan, na same shi baƙi ƙirin yana ɗigar mai. Na sa sabon. Ya tashi, ya yi 'yar tafiya, shi ma ya jiƙe.

Wurin ba gida gaba ba gida baya. Da a ɗaki ya ƙi tashi, da tun farko amalanken shanu muka ɗaura. Na bar su gindin kanya na yi gudu har wata ruga na samo amalanke. Kafin in dawo ta haihu a kan zanen Gwaggo, jinin kuwa bai tsaya ba. Mun isa asibiti tana numfashi. Sun yi iya ƙoƙarinsu.

A cikin amalanke ta ce in gaya maka kada ka yi mini faɗa. Na faɗa ne don saƙo ne, ba don ka bi ba.

Takardarka ta iso ranar sadakar uku. Na karanta ta a zaure, mutane suna shigowa gaisuwa. Barau ya je ya turo babur ɗin, ya ce babu abin da ya lalace a jikinsa.

Inna ta ce ka zo. Ba a yi wa yarinya huɗuba ba, ana jiran bakinka. Ni ban san da wace fuska zan tarye ka ba.

Ƙanenka,
Liti

*

Gembu, Satumba 1989

Liti,

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Ka yi wa Inna da Gwaggo Laure gaisuwa, ka gode wa Rabi'atu.

Ku sa wa yarinya sunan uwarta.

Ba ka ci amanata ba. Duk wanda ya ce ka ci, ka turo shi wurina, ko Kawu ne. Wannan ita ce gaskiya kuma zan faɗe ta a gaban kowa.

Zan taho da motar Sulle in hanya ta bushe. Amma kada ka zo tarya ta a tasha, ka turo Barau. In na shigo gida ka bar ni in fara ganin 'yata. Zan neme ka da kaina ranar da zan iya. Ban san ranar ba.

Yayanka,
Mijinyawa