Kujerar da Ya Gani a Mafarki

Litinin, 3 ga Maris

Ina cikin goga katako da samfefa na ji muryar mijin ƙanwata a rediyo. Wai kujerarsa ce ta zo ta ɗaya a baje kolin masu sana'ar hannu. Kujerarsa! Wadda ba ƙusa ko ɗaya a jikinta, ƙafafunta na baya suka lanƙwasa suka zama wurin jingina. Na ɓata katakon da ya isa rufin ɗaki kafin in samu lanƙwasar nan ta tsaya. Shi kuwa ya zo shagona bara da sunan gaisuwa, ya yi ta shafa ta yana cewa, “Yaya, hannunka akwai albarka.” Ashe awo yake yi da tafin hannu.

Mai hirar ta tambaye shi inda ya samo fasalin. Ya ce a mafarki ya gan ta. Mutumin da ko benci ya haɗa sai an sa masa dutse a ƙafa ɗaya.

Alhamis, 6 ga Maris

Ya ƙona sunansa a bayan kowace kujera da ƙarfe mai zafi. Har da ɗan zanen tauraro. Allah wadai.

Asabar, 8 ga Maris

Ƙanwata ta zo. Ta zauna a kan buhun garin katako tana murza bakin mayafi. “Yaya, don Allah ka bar maganar, uban 'ya'yana ne.” Na ce ban hana shi zama uban 'ya'yanki ba, uban kujerata ne ba zai zama ba. Ya koma rediyon nan ya faɗi sunana, in ba haka ba ƙafata ta bar gidanku. Ta fita tana kuka. Raina bai so ba, amma ai ba ni na yi mafarkin ba.

Talata, 11 ga Maris

Inna ta kira. Wai ni ne babba, in yi haƙuri. Kullum babba ne mai haƙuri, ƙarami ne mai hira da 'yan jarida.

Lahadi, 16 ga Maris

Na je shagonsa. Gilashi a gaba, fanka biyu, ƙanshin fenti kamar zai kashe mutum. Kujerun jere, goma ko fiye. Ya taso yana washe baki: “Yaya, sannu da zuwa, zauna mana.” Ba wani abin zama sai su, na zauna.

Na ce, a mafarkin naka ba ka gan ni tsaye kusa da ita riƙe da zarto ba? Ya yi dariyar yaƙe. “Haba Yaya, kujera ai kujera ce, ƙafa huɗu da mazauni. Wa zai ce shi ya fara?” Na ce to me ya sa ka ƙona sunanka a kanta? Nan ya kama duba waya.

Gam ya yi tsartuwa a mahaɗar ƙafa, bai ko goge ba. Aikin ragwaye. Sai dai ya zabtare bakin mazaunin ta gaba, ya ɗan kwantar da shi ƙasa. Na daɗe a zaune ina zazzaga masa masifa, bayan cinyata bai sage ba. Tsautsayi ne, na tabbata hannunsa ne ya zame.

Laraba, 19 ga Maris

Bai je rediyo ba. Ba zai je ba.

Na zauna a tawa bayan azahar ina shan shayi. Bakin yana cizon cinya. Shekara nawa ban lura ba? Ko dai ni ne na yi ƙiba.

Juma'a, 28 ga Maris

Na zabtare bakin ɗaya daga cikin kujeruna, don in tabbatar wa kaina shirme ne. Uwargida ta kawo mini abinci ta zauna a kai, har na gama ci ba ta tashi ba. Ta ce, “Wannan fa me ka yi mata?” Na ce ba komai. Na zabtare sauran.

Laraba, 2 ga Afrilu

Wata mai gidan abinci ta zo, tana son kujeru na sabon wurinta. Ta zauna, ta shafa bakin mazaunin, ta ce nan ne ya fi burge ta, yaya aka yi na yi tunaninsa? Ba kowa a shagon sai ni da ita. In na ce ni ne, wa zai ƙaryata?

Na ce, “Hajiya, kujerar tawa ce tun daga ƙafa har sama. Wannan zabtarewar ce kawai ta wani.” Ta ce wa? Sai da na yi tari kafin amsar ta fito. Mijin ƙanwata.

Ta ce, “Ashe gidanku duk gwanaye ne.” Ba yabonsa na yi ba, tambayata aka yi. Ɓarawo ne har gobe. Ɓarawon da ya iya abu ɗaya.