Ƙwayoyin Ganyen da Ka Aiko wa Mama

Yaya Bulus,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Yaya Legas, yaya aiki? Ina matarka da yara? Mu a Kafanchan muna nan dai.

Ƙwayoyin ganyen da ka aiko wa Mama saboda ciwon hanjinta sun iso. Likita ya duba kwalbar, ya ce ƙari ne kawai, kada ta bar maganin asibiti. Amma ka san Mama. Ta ce abin da ɗanta ya aiko ba a haɗa shi da na kowa. Ashe ta tura na asibiti ƙarƙashin gado ban sani ba. Naka kuwa har Zumuntar Mata ta kai, tana rabawa kamar tsaraba.

Yanzu zawo da jini ya dawo. Ni ke wanke zannuwa, ni ke riƙe ta zuwa bayan gida, amma kai take sa wa albarka.

Ku sa mu a addu'a, ka gaishe da Kawu. Tunda maganarka kaɗai take ji, kada ka sake aiko kwalba. Ka hau jirgin ƙasa ka zo ka gaya mata da bakinka, tun tana iya tashi ta tarbe ka.

Ƙanwarka,
Rifkatu