Taken Sada

Asabar, 2 ga Maris, 2013

Yau Baba Ɗantsoho ya zo situdiyo da gangarsa. Situdiyo! Shago ne dai mai katifu manne a bango, da fiyano, da kwamfutar da ba ta tashi sai an lallashe ta. Shi ne makaɗin 'yan tauri da ya rage a wajejen nan, ni kuma na gaji da gangar cikin fiyano, ƙararta kamar ana dukan bokitin roba. Na ce ya buga duk abin da ya zo hannunsa, ni zan ɗauka.

Ya yi ta bugawa. Can ya lumshe ido, sai ga wani kiɗa ya fito, gajere, bai fi numfashi biyu ba, amma sai da tsigar jikina ta tashi. Ya yi maza ya dafe fatar gangar. "Hannuna ne ya zame. Wannan taken Sada ne. Goge shi, yaro." Na ce to, Baba.

Ban goge ba mana.

Talata, 5 ga Maris

Na tambayi Jafaru wane ne Sada. Jafaru mai tura waƙa a bakin tasha, babu gulmar da ba ta biyowa ta teburinsa. Ya ce ɗan tauri ne daga wani ƙauye kusa da Baure, an sare shi a dajin farauta shekarun baya, rigima a kan kare. Take kuwa kiɗa ne da makaɗi ke yanka wa mutum ɗaya, nasa ne shi kaɗai. Ana buga shi sai mai shi ya tsuma, jiki ya ɗau rawa, ya zare wuƙa yana kirari, bai san inda kansa yake ba. Wai tun da aka binne Sada ba a sake buga nasa ba.

Na yi dariya har da tari. Ƙato da gemu a ce ganga ta fitar da shi hayyacinsa? Wasan kwaikwayo ne kawai don a ji tsoronsu. Sauti sauti ne. Na yanke guntun, na sa yana maimaita kansa, na ɗora masa bas, amon nan mai nauyi da ke dukan ƙirji. Wallahi abin ya yi daɗi har ya ba ni tsoro.

Lahadi, 17 ga Maris

Auta ya gwada kiɗan da na haɗa a biki jiya da la'asar. Ƙanena ne, amma a fagen DJ ba na gaya masa komai, ya san lokacin da zai riƙe mutane da lokacin da zai sake su. Ya ce yana sakawa filin ya hargitse, har tsofaffin da ke raba tuwo sai da suka ajiye kwano. Sau uku aka sa shi ya maimaita. 'Yan Hisba sun leƙo, suka tarar mata na gefensu maza na gefensu, kiɗan kuma ko murya babu a cikinsa balle a ce batsa. Suka tuna masa ya kashe kafin magariba, suka wuce.

Ya shigo gida yana tsalle, ya ɗaga Inna sama tana zaginsa tana dariya. Ni ko sunana ba ta kamawa, ɗan fari. Autanta kuwa ko kifar da tukunyar miya ya yi sai ta ce tukunyar ce ba ta zauna daidai ba.

Juma'a, 29 ga Maris

Mun kama garin nan a hannu. Ni in haɗa, Auta ya kaɗa a biki, Jafaru ya zuba wa duk wanda ya kawo memori, ko ya nema ko bai nema ba. Mu uku rak. Da can waƙar Kano ce da ta Legas, mu 'yan kallo. Yanzu daga Kusugu har tasha ba ka jin komai a wayoyi sai "mai gangar nan". Direbobi sun kai shi garin Babban Mutum, Jafaru ya ce har ya tsallaka Nijar. Yaran situdiyon Zango da ke mana kallon ƙauyawa sun fara yawon neman tsofaffin makaɗa. Su nema! Ɗantsoho ɗaya ne.

Laraba, 10 ga Afrilu

Wani mutum ya zo shago. Dogo, baƙi, rigarsa duk ƙasar gona. Ya yi sallama, ya cire takalmi, ya zauna a ƙasa duk da na nuna masa benci. Ya ce sunansa Jibril, ƙanen Sada ne uwa ɗaya uba ɗaya.

Murya ƙasa-ƙasa ya yi magana. "Malam, yayana yana kabari, 'yan mata na karkaɗa ƙugu da takensa. Ran nan a kasuwa na ji shi a aljihun wani, sai da aka zuba min ruwa. Don girman Allah ka tsayar da shi."

Na ce in tsayar da shi ta yaya, yana cikin wayar kowa? Ya ce aƙalla a daina sawa a lasifika. A nan raina ya ɓaci. Na ce masa ganga ba gonar gado ba ce, in ba ya son ji ya toshe kunne. Ya sa takalminsa, ya ce, "Ni ba na son abin da nake zama in na ji shi. Na dai gaya maka."

Barazana ce ya lulluɓe da ladabi. Na san irinsu.

Asabar, 20 ga Afrilu

An zubar da jini a bikin da Auta ya yi yau. Wasu samari daga ɓangaren da suka kashe Sada ne suka zo, suka yi ta liƙa wa Auta don ya maimaita, suna rawa suna kwaikwayon faɗuwar mutum. Ashe akwai dangin Sada cikin 'yan kawo amarya. Gora ta fara tashi, sai adda. An tsarge wa wani yaro kunne har wuya, an karya wa wani hannu, mata suka watse suna ihu, takalma ko'ina. Lasifikarmu babba an farke mata ciki da barandami.

Auta ya dawo rigarsa da jinin da ba nasa ba. Ya wanke ta da kansa a bayan gida don kada Inna ta gani.

Litinin, 22 ga Afrilu

Dangin Sada sun je wa Jafaru da rana tsaka. Sun kife teburin, sun tattake kwamfutarsa, sun haɗa masa jini da majina, haƙori biyu sun tafi. Na je duba shi, bakinsa ya kumbura kamar an cusa masa goriba. Ya ce, "Harisu, ni na fita." Matsoraci.

Laraba, 24 ga Afrilu

Na ji kiɗan yaran Zango. Kwaikwayon nawa ne tsaf, amma gangarsu ba ta da rai. Duk da haka an fara sawa a shagon aski. Muna yin sanyi za su haye.

Juma'a, 3 ga Mayu

Gobe biki a Baure, ango ya ce saboda mai ganga ya ɗauke mu. Auta ya ce zai je amma ba zai sa shi ba.

"Yaya, Baure fa. Ƙofar gidan su Sada ke nan."

Na ce to ya sayar da kayan ya koma tallan rake. Na tuna masa wanda ya koya masa haɗa waya da lasifika, na ce masa shagwaɓaɓɓen Inna. Na faɗi wasu maganganun ma da ba sai na rubuta ba. Ya ci gaba da naɗe waya a gwiwar hannu. Can ya ce, "Kai ba ka ga idonsu ba ne."

Zan bi shi goben. In shi ba zai iya ba, akwai mai iyawa.

Lahadi, 5 ga Mayu

Mun binne Auta da hantsi.

Laraba, 8 ga Mayu

Bari in rubuta, ko zai bar kaina.

Fili ne a ƙofar gidan ango, ƙarƙashin darbejiya, bayan la'asar. Auta ya yi ta zagaye-zagaye da wasu waƙoƙi, mutane na ihu "mai ganga! mai ganga!", shi kuma yana murmushi yana yi kamar bai ji ba. Abokin ango ya zo ya yi min magana a kunne. Na je na ture hannun Auta na danna mai ganga. Ni na danna. Ya kalle ni. Sai janareta ya fara tari, na zagaya baya in ƙara masa mai.

Daga can na hango Jibril. Ba ma cikin bikin yake ba, wucewa yake da jakinsa, gariyo rataye a kafaɗa irin na masu dawowa daga daji. Ya tsaya cak. Na ga gwiwoyinsa sun fara kaɗawa, sannan kafaɗu, sannan duk jikin, kamar mai farfaɗiya amma a tsaye. Ya toshe kunnuwansa da hannu biyu. Wallahi ya toshe, na gani. Sai ya saki wata ƙara da ban taɓa jin ɗan Adam ya yi ba, ya fara kiran sunan Sada yana kirari, ya nufo inda sautin ke fitowa. Mutane suka dare.

Auta ya sunkuya zai kashe. Hannunsa na kan na'urar. Gariyon ya sauka tsakanin wuyansa da kafaɗa. Sau ɗaya. Ya zame ya zauna a ƙasa, ya jingina da lasifika, jini na tsartuwa a kan wayoyin.

Kiɗan bai tsaya ba. Ni na haɗa shi ya riƙa maimaita kansa, to ya yi ta yi. Ina riƙe da kan ƙanena, ina danna rigata a ramin, jini na bulbulowa ta tsakanin yatsuna, bas ɗin na dukan bayansa ina jin sa a hannuna. Na yi ta ihu a kashe, babu wanda ya san inda ake kashewa. Sai wata tsohuwa ce ta je ta kifar da janaretan.

Da wurin ya yi tsit na ga Jibril zaune a ƙasa, gariyon a gefe, yana kallon tafin hannunsa yana tambayar mutane me ya faru. Samari suka rufe shi da duka, bai kare kansa ba. A nan 'yan sanda suka same shi, suka tafi da shi.

Auta bai kai asibiti ba. A bayan a-kori-kura ya cika, kansa a cinyata.

Juma'a, 10 ga Mayu

Baba Ɗantsoho ya zo gaisuwa. Na sunkuyar da kai ina jiran abin da zai ce. "Allah ya jiƙansu su duka biyun, Auta da Sada," shi ke nan. Da ma zagina ya yi.

Lahadi, 19 ga Mayu

Jafaru ya gyara teburinsa. Mun yi shawara: duk memorin da ya zo hannunsa zai goge mai ganga ba tare da ya faɗa ba. Na goge nawa, har asalin ɗaukar da na yi wa tsohon. Sauran masu DJ ma sun daina sawa, mai unguwa ya yi magana a masallaci.

Amma yara na tura wa juna ta bulutut, sun canza masa suna. Wai yanzu "na Auta" suke ce masa. Jafaru ya ce tun da abin ya faru ma aka fi nemansa.

Laraba, 29 ga Mayu

Ina cin abinci Inna ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta kalle ni ba. "Wai kiɗan nan, kai ka yi shi?" Na ce ni ne. Ta ce, "To." Ta ɗauke kwanon ruwa ta cika ta dawo min da shi. Na ture kwanon abincin gefe.

Alhamis, 13 ga Yuni

Sadakar arba'in. An yi waina. Ban buɗe shago ba, kwamfutar ma ƙura ta rufe ta. Wani ya zo yana so in haɗa masa kiɗan suna, na ce fiyanon ya lalace.

Laraba, 19 ga Yuni

Ba wani abu ba ne, amma bari in rubuta yadda aka ce ya faru.

Da safe ina wajen mai shayi a bakin tasha. Wani baƙo na zaune a ƙarshen benci, ban san shi ba, bai san ni ba. Aka kira wayarsa. Abin da na tuna ke nan, gangar ta fito daga aljihunsa.

Sai na ga kaina a ƙasa, mutum huɗu sun danne ni, Jafaru na zuba min ruwa a ka. Bencin ya kife, tukunyar shayi ta zube. Baƙon na tsugune yana tofar da jini, wayarsa a farfashe. Mai shayi na ta ƙoƙarin ɓanɓare yatsuna daga wuƙarsa ta yankan burodi. Allah ya sa ba ta taɓa kowa ba.

Sun ce jikina rawa ya fara yi tun daga gwiwa. Sun ce na yi ta kiran Auta ina kirari. Ƙarya suke, ni ban iya kirari ba, a ina zan koya? Zazzaɓi ne ke damuna kwana biyun nan, ga rashin barci. Na ba mutumin haƙuri, ya haƙura da aka gaya masa ko ni wane ne.

Gobe zan sayi magani.

Da Jafaru ya rako ni gida na tambaye shi ko ya san ranar da ake bari a ga mutanen gidan yari. Ya ce wa zan gani a can. Na ce ba kowa. Tambaya ɗaya ce kawai nake so in yi wa wani, ko shi ma bai tuna lokacin da ya ɗaga hannu ba.